Yadin Roba a Shagon Babana: Tarihin Wani Tufa a Zangon Nima da Maamobi

A bayan ƙofar shagon ɗinkinmu da ke Maamobi akwai wata doguwar riga ja mai duhu da ke rataye a ƙusa tun ƙaramar sallar 2015. A ƙirjinta akwai shatin dutsen guga, wurin ya narke ya yi ƙyalli kamar an ɗiga masa kyandir. Yayata, wadda ta gaji shagon daga mahaifinmu, ta hana a jefar da ita. Duk yarinyar da aka kawo koyon ɗinki, ranar farko sai ta tsayar da ita gaban rigar nan, ta sa ta taɓa tabon da yatsa, sannan ta ce mata: "Wannan ba atamfa ba ce. In kika yi masa abin da kike yi wa atamfa, ga abin da za ki samu."

Yadin shi ne wanda muke kira yadin roba, mai kaurin nan da 'yan kasuwar Makola ke kira sikuba, da ɗan'uwansa ponti. Ni ban gaji allura ba, aikin koyarwa na kama, amma a ƙarƙashin teburin yanka na tashi. Na daɗe ina tambayar kaina yadda aka yi tufan da kakanninmu ba su sani ba ya mamaye shagunan Zango cikin 'yan shekaru, da abin da ya ba mu, da abin da ya karɓe. Abin da na tattara ke nan.

Sai an fara da kalmar saƙa, don a nan ruɗanin yake. Bahaushe kalma ɗaya yake da ita ga ayyuka biyu da ba su yi kama ba. Akwai saƙar masaƙi, wadda ake miƙa zaren tsaye a ɗaure shi tamau, ƙoshiya ta riƙa ratsa shi da zaren kwance. Fugu da saƙi da gwado da shadda da atamfa duk 'yan wannan gida ne. Zarensu a miƙe yake, don haka in ka ja yadin ba inda zai je, sai dai ɗan kaɗan ta karkace. Akwai kuma saƙar safa da suwaita, wadda zare ɗaya ne yake tafiya yana yin 'yan zobba, kowane zobe ya shiga cikin na gabansa kamar sarƙa. In aka ja, zobban ne ke buɗewa. In aka saki, su koma. Talewar yadin roba daga wannan gini take farawa, tun kafin a sa masa wata roba.

Irin wannan saƙa in an yi ta da layin allurai ɗaya, sai a sami yadi mara nauyi irin na singileti da jesin ƙwallo, wanda bakinsa ke naɗewa da zarar an yanka. In an yi ta da layi biyu, fuska biyu ne ake saƙawa lokaci guda suna sarƙe da juna. Yadin sai ya yi kauri, ya kwanta lafiya a kan tebur, bakinsa ba ya naɗewa, ba ya kuma zarewa. Ponti da sikuba duk daga nan suke. Ponti galibi haɗin zaren rayon ne da nailan ko poliyesta, da ɗan zaren roba kaɗan. Sikuba kuwa kusan dukkansa poliyesta ne, mai santsi, in ka matsa shi ka ji kamar soso.

To, mutanen da suka kafa Zango ba da wannan suka zo ba. Fataken goro da ke bin hanyar Gwanja daga Kano da Katsina zuwa Salaga, kayan masaƙa suke ɗaukowa: baƙin turkuɗi, riguna masu aiki, wanduna, rawuna. Baturen nan Heinrich Barth da ya zauna Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa ƙasashe masu nisa. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, harkar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa ta, fatake suka watsu, wasu suka gangaro bakin teku. A 1877 aka mayar da hedkwatar mulkin mallaka Accra, garin da tsofaffinmu ke kira Ankara. A wajajen 1881 Malam Idris Naino ya sami filin da ya zama Zangon Malam, ɗansa Malam Baƙo kuma ya kafa Sabon Zango a wajajen 1912. Nima ƙanwa ce a cikinsu: a 1931 ne Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya sami filin daga gidan Odoi Kwao na Osu, Maamobi ta biyo baya a gefenta.

Abin lura a tufafin waɗannan mutane shi ne ba sa bin jiki. Babbar riga ƙyallaye ne masu kusurwa huɗu aka harhaɗa, riga ɗaya za ta shiga uba ta shiga ɗa. Wando mai zariya ba ruwansa da faɗin ƙugu. Zane kuwa ɗaura shi ake yi, mai shi ta yi ƙiba ko ta rame duk ɗaya ne. Saboda haka tufa ya zama dukiya: ana ajiye shi, ana jinginar da shi, ana sa shi a lefe, ana rabon gadonsa. Gwanintar tela a wancan zamani tana wajen haɗi da aikin wuya, ba wajen auna jiki ba.

A can Turai kuwa, saƙar zobba ta daɗe da shiga inji. A 1589 wani malamin coci, William Lee, ya ƙera injin saƙa safa a kusa da Nottingham. Sunan jesi ma daga tsibirin Jersey ya fito, inda aka shahara da saƙa wa masunta rigunan ulu. Amma har farkon ƙarni na 20 ana ganin yadin jesi kayan ciki ne na maza, sai a wajajen 1916 da Coco Chanel ta Faransa ta ɗinka wa manyan mata rigunan fita da shi. Mu ma ta ƙofar kayan ciki ya shigo mana: safa, singileti, da suwaitar soja. Kakana na wajen uwa yana cikin 'yan Zangon da aka kai Bama a yaƙin duniya na biyu, ya dawo da wata suwaita wadda na tarar tana nan, asu ya cinye hannu ɗaya. Kakata ba ta taɓa lissafa ta cikin tufafi ba. A ganinta abin da ba a iya linke shi ya yi kaifi a adudu, ba tufa ba ne.

Karo na biyu shi ne na zamanin ƙuruciyar Baba. A 1941 masana biyu a Ingila, Whinfield da Dickson, suka samar da zaren poliyesta, a 1959 kuma kamfanin ICI ya fito da Crimplene, zare mai kauri da ake saƙa yadi mai fuska biyu da shi. Baba yana ce masa kirimfilin. Ba ya yamutsewa, ba ya son guga, a wanke da dare a sa da safe. Samarin Nima da ke aiki a bariki da filin jirgi da gidajen Turawa suka rungume shi, ana ɗinka wando mai faɗin ƙafa da kwat mai gajeren hannu. Baba yana yaron shago a lokacin, wajen wani maigida mutumin Nijar. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Zango ya girgiza, gidaje suka zama kango, maigidan Baba ya hau mota ya bar masa keken Singer da almakashi da wasu wandunan kirimfilin uku da masu su ma sun tafi ba su karɓa ba. Da wannan keke aka ciyar da mu.

Sai dai kirimfilin bai kori atamfa ba, don a lokacin ƙasar na ji da masaƙunta. An buɗe GTP a Tema a 1966, Akosombo Textiles a 1967, Juapong a 1968. A 1977 mutanen da ke aiki a masana'antar tufafi sun kai kimanin 25,000. Daga nan abubuwa suka juya. A watan Agustan 1979 sojoji suka rushe kasuwar Makola bisa zargin 'yan kasuwa da ɓoye kaya, yadi ya yi wuya ƙwarai. A 1983 ga fari, ga 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya, ga shirin gyaran tattalin arziki wanda daga baya ya buɗe ƙofa ga kayan waje. Zuwa 2000 ma'aikatan nan sun koma kimanin 5,000. Abin da ya cike gurbin shi ne gwanjo, wanda mu nan muke kira fos, Akan kuma suke ce masa obroni wawu, wato kayan Baturen da ya mutu. Kantamanto ta zama cibiyarsa.

Gwanjon nan ne, a ganina, ya koya wa jikinmu yadin roba. Tun 1958 Joseph Shivers na kamfanin DuPont a Amurka ya samar da zaren da aka sani da Lycra, wanda ke iya miƙewa ninki biyar na tsawonsa ya dawo. Kaɗan ake sawa, kashi uku zuwa goma cikin ɗari, amma ya isa ya sa yadi ya kama jiki ya kuma koma yadda yake. Yaran da suka tashi cikin rigunan Kantamanto sun saba da tufan da ke tafiya tare da su in sun sunkuya. Da dilolin sabon yadin roba suka fara shigowa daga Chana, suka bazu a Makola da kasuwar Nima ta ranar Laraba, masu saye a shirye suke. Wajen 2013 zuwa 2016 sikuba ya zama abin yayi, ba bikin da za ka je ba ka gan shi ba.

Dalilan karɓuwarsa a fili suke. Faɗinsa inci 60 ne, atamfa kuwa ba ta wuce 45 zuwa 48, don haka yadi biyu da rabi ko uku na iya fitar da rigar da za ta ci rabin turmi ko fiye. Kaurinsa ya sa ba lallai a yi masa shafi ba. Bakinsa ba ya zarewa, ana iya yanka shi a bar shi haka. Yana tsayawa da kansa, ya ba da fasalin da a atamfa sai an manna mata abin ƙarfafawa. Ana yin siket da shi, da wando, da rigar da ke buɗewa daga ƙugu, da hular mata, da bakin hannun abaya. Ana kuma haɗa shi da atamfa, gaba atamfa baya roba, don kaba ta zauna ba tare da ta hana numfashi ba. Mai ciki na sa riga ɗaya daga wata uku har ta sauka.

Amma ga tela, wannan yadi sabuwar makaranta ce. Yaya ta koye ta ne da asara. Keken da aka saba yana yin ɗinki miƙaƙƙe wanda ba ya talewa. Yadin ya miƙe, zaren ya tsinke, ɗinki ya ɓalle a tsakiyar taro. Dole sai ɗinkin zigzag ko keken kashe baki, wanda 'yan Kano ke kira wibin, mu kuma muke ce masa nitin. Allura mai tsini tana yanke zobban ta bar ƙananan ramuka, sai an sa mai dakusasshen baki wadda ke ratsawa tsakaninsu. Ba a jan yadin yayin ɗinki, in an ja bakin zai yi tudu da kwari. In an warware shi daga dila, akan bar shi ya kwana a shimfiɗe kafin a yanka, don a ɗame aka naɗe shi. Wanda ya yi gaggawa zai ga siket ya gajarce da safe. Ɓangaren da ya fi talewa shi ake kewaya jiki da shi. Kafaɗa kuma sai an bi ta da siririn ƙyallen da ba ya talewa, in ba haka ba nauyin rigar ya ja ta ƙasa.

Har awon ma ya juye. A atamfa ana ƙara inci biyu ko uku a kan awon mutum don ya sake. A yadin roba ragewa ake yi. Yaya tana da gwajinta a gaban mai sayarwa: ta kama inci huɗu a kan tef, ta ja ta ga inda zai kai, biyar ko shida, sannan ta saki. Ba nisan tafiyar take dubawa ba, dawowar take dubawa. Wanda bai koma inci huɗu cif ba, ta ce, bayan zama uku zai yi buhu a gwiwa da mazauni.

Baba bai taɓa amincewa da wannan ragi ba. Yakan ce: "Shekara hamsin ina ƙara wa mutane wuri a cikin rigarsu, yanzu ki ce in rage?" Ba taurin kai kaɗai ba ne. A Zango maganar sutura magana ce ta addini da mutunci, kuma malamai sun sha yin wa'azi a kan tufan da ke rufe fata amma ya bayyana sura. Abin mamaki, yadin da ake zargi da wannan shi ne kuma ya sauƙaƙa hijabi. Mayafin jesi ba ya zamewa, ba ya bukatar fil, yana zama a fuska ko mace na gudun kama mota. Ma'aikaciyar asibiti da ɗalibar jami'a da ke fafutukar a bar su su rufe kai a wurin aiki, yawancinsu shi suke sawa. Yaya ta sami hanyarta a tsakani: ga wadda ke son sutura sai ta ɗauki ponti mai nauyi, ta yanka shi da yalwa, ya sauka ya bar jiki. Takan ce laifin ba na yadi ba ne, na almakashi ne.

Yanzu in dawo kan rigar bayan ƙofa. Shekarar 2015 ita ce ƙololuwar ɗauke wutar da aka yi wa laƙabi da dumsor. Sai a yi awa ashirin da huɗu babu wuta, a kawo ta awa goma sha biyu. Ga shi ba a gama jimamin ambaliya da gobarar 3 ga Yuni a Circle ba, wadda ta ci rayuka fiye da 150, ruwa ma ya shiga shagonmu ya lalata kayan mutane. Ana saura kwana biyu salla, wata Hajiya ta aiko za ta karɓi rigar 'yarta da za a kai gidan miji bayan salla. Babu wuta, Yaya ta tafi neman inda ke da janareta don ta kashe bakin wasu kaya. Baba, da idonsa ya riga ya yi rauni har ya bar keke, ya ga rigar a kan tebur, ya ce bari ya taimaka. Ya hura gawayi a tsohon dutsen gugarsa, wanda ya goge shadda da shi tun kafin a haife mu, ya ɗora.

Auduga tana jure zafi, in ya yi yawa ta yi ja ta ba ka wari ka ɗaga. Poliyesta ba ya gargaɗi, narkewa yake yi, zaren robar da ke cikinsa kuma tun kafin nan ya mutu. Da Yaya ta dawo ta tarar da shi zaune da rigar a cinya. Ya ce: "Uwata, na ɓata miki aiki." Ta ce: "Baba, ba kome, wuta ce ta jawo." Ta kwana ta ɗinka wata da kuɗin aljihunta, da Hajiyar ta zo da faɗan jinkiri ta ce ita ce ta ƙona. Tun daga ranar Baba bai sake taɓa kayan shago ba. 'Yan koyo har yau sun ɗauka hannun Yaya ne a ƙirjin rigar. Rigar kuma, saboda ratayar shekaru, ta ƙara tsawo har tana taɓa ƙasa, abin da ya zama darasi na biyu: yadin roba mai nauyi linke shi ake yi, ba a rataye shi.

Sauran illolinsa duk wadda ta sa shi a Accra ta san su. Ba ya shan gumi, iska ba ta ratsa shi, a zafin watan Maris kamar an sa mutum a leda. Yana riƙe wari. Maganin faranta kaya yana kashe robarsa, shanya a tsakar rana ma haka. Inda cinya ko jaka ke gogarsa yana yin 'yan ƙuraje. Mafi haɗari, mace mai girki a murhun gawayi in tartsatsi ya faɗa masa, narkewa zai yi ya manne da fata. Kuma ba ya ruɓewa. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ne ke shiga Kantamanto duk mako, kusan kashi 40 cikin ɗari kuma shara suke zama. Duk wanda ya leƙa babban kwalbatin da ke tsakanin Nima da Maamobi bayan ruwan sama zai ga guntayen yadi sun kanannaɗe da leda, suna kan hanyar tafkin Korle da teku. Wasu daga cikinsu daga ƙarƙashin teburanmu suka fito. Gobarar da ta cinye mafi yawan Kantamanto a farkon Janairun 2025 ta nuna yawan mutanen da abincinsu ke rataye a wannan harka, har da telolin da ke gyara gwanjo su mayar da shi sabo.

Inda na fi ganin bambancin shi ne ranar da aka buɗe akwatin Mma bayan rasuwarta. Akwai atamfofin Holan da na GTP tun na aurenta, wasu ba a taɓa sa musu almakashi ba, launinsu kamar jiya aka saya. Aka yi musu kuɗi, aka raba su yadda shari'a ta ce, wata ƙanwarmu ma ta sayar da nata ta biya kuɗin makarantar ɗanta. A sama-sama akwai rigunan sikuba huɗu na ankon bukukuwa, ba wadda ta kai shekara takwas. Robarsu ta saki, ɗaya in ka ja ta sai ka ji tana ƙara kamar busasshen ganye. Ba wanda ya sa su a lissafi. Matan Zango sun yi ƙarni guda suna ajiye guminsu a cikin zane, yadin roba kuwa ba ya karɓar ajiya.

Duk da haka ba zan iya tsine masa ba. A shekarunsa biyu na ƙarshe Baba ya sami shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya daina ɗaguwa. Sa masa kaftani ya zama azaba gare shi da gare mu. Yaya ta sayo ponti mai auduga-auduga, ruwan toka, ta ɗinka masa jallabiya uku masu faɗin wuya, ba maɓalli ba zif, hannun yana buɗewa ya karɓi hannun da ba ya lanƙwasuwa. Da su yake zuwa masallacin unguwa a keken guragu. Wata rana ina sa masa, ya kama gefen hannun da yatsun hagu, ya ja, ya saki, ya dubi yadda ya koma. Ya ce: "Gaya wa yayarka wannan mai kyau ne. Inci nawa ta ƙara?" Na ce masa uku. Ya gyaɗa kai.

Keken Singer ɗin nan na 1969 yana nan a shago, a kusa da na kashe baki da Yaya ta saya bayan waccan sallar. Da shi ake ɗinka atamfa da shadda, da shi kuma ta haɗa likkafanin Baba, farin alawayyo na auduga.